Wa Zai Kira Sunan Kurtu? Bashin Mamatan Soja da Aka Bar wa Abokan Kwas

A farkon watan Fabrairun 2025, 'yan bindiga suka shiga garin Tsiga da ke Ƙaramar Hukumar Bakori cikin dare, suka fito da Birgediya Janar Maharazu Tsiga mai ritaya daga gidansa, suka yi daji da shi tare da wasu mutanen garin. Mutumin da ya taɓa shugabantar hukumar masu yi wa ƙasa hidima ya kwana 56 a hannunsu. Da Allah ya kuɓutar da shi a farkon Afrilu, sai wani abokin aikinsa, shi ma Birgediya Janar mai ritaya, ya fitar da sanarwar godiya ga hafsoshi da abokan arziki waɗanda suka yi karo-karo domin a ceto shi. Hedikwatar Tsaro ta mayar da martani tana lissafa irin ƙoƙarin da dakarunta suka yi. Kowa ya riƙe nasa bayanin, amma manomin Bakori ya riga ya ɗauki darasin da zai ɗauka: ranar da masifa ta sauka a kan Janar guda, abokan da suka yi sammakon fareti tare da shi tun suna samari su ne suka fara miƙewa.

Wannan zumunci abin yabo ne, kuma babu mai hankalin da zai zarge shi. Abin zargin shi ne ƙasar da ta jingina nauyinta a kansa. Najeriya ta bar wa ƙungiyoyin abokan kwas aikin tunawa da sojojinta da suka kwanta dama, da tallafa wa iyalansu, da adana tarihin hidimarsu. Wanda yake da kwas mai ƙarfi ana tuna shi. Wanda ba shi da shi, wato mafi yawan waɗanda ke mutuwa a fagen daga, ƙasa na rufe idonsa sunansa ke bin iska.

Abin da ake nufi da kwas

An kafa Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna, wadda aka fi sani da NDA, a watan Fabrairun 1964, a kan harsashin tsohuwar kwalejin horar da sojoji da ta gabace ta. Kowane rukunin ɗaliban da aka ɗauka ana ba shi lamba, lambar nan kuwa tana bin hafsa har kabarinsa. Da ita ake sanin babba da ƙarami, da ita ake lissafin ƙarin girma, da ita kuma ake sanin waɗanda za su tattara komatsansu idan aka naɗa na ƙasa da su shugaban rundunar. Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama a Kaduna ranar 21 ga Mayun 2021, ɗan kwas na 35 ne, kuma duk wani hafsa ya san abin da wannan lambar ke nufi ba sai an yi masa bayani ba.

Samarin da suka sha rana ɗaya, suka kwana cikin taɓo ɗaya, aka hore su tare saboda laifin mutum guda, sukan fito da wata irin 'yan'uwantaka wadda wani lokaci ta fi ta jini ƙarfi. Bayan ritaya sukan kafa ƙungiya, su riƙa taron shekara-shekara, su karanta sunayen waɗanda suka riga su, su yi musu addu'a, su tara abin da za a kai wa matan da suka bari. A wajen irin wannan taro ne kawai ake jin cikakken labarin mamaci: inda aka fara tura shi, bataliyar da ya riƙe, ko ya je Laberiya da Saliyo, ko ya yi Darfur, da ranar da ya ƙi barin yaransa a baya. Labarin yana da daɗin ji, sai dai a cikin zaure guda ake ba da shi, ga mutanen da su ma suke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na ƙarshensu ya faɗi, littafin ya rufu ke nan.

Wanda ba shi da zaure

Daga Funtuwa zuwa Zariya tafiyar sa'a guda ce da 'yan mintoci. A can ne makarantar horar da kuratan sojoji take tun 1924, kuma ta ƙofarta mafi yawan 'ya'yan talakawan Dandume da Danja da Ƙafur suke shiga aikin soja. Yaro ya bar gonar masara da auduga, a yi masa horon 'yan watanni, a rataya masa bindiga, a tura shi Sambisa ko dajin Rugu. Abokan horonsa dubbai ne, an watsa su ko'ina, albashinsu bai kai su yi karo-karon ceton kowa ba, kuma ba su da ɗakin taro a Abuja. Idan ya faɗi, saƙo kan iso ga tsohonsa ta bakin wani abokin bariki kafin takardar hukuma ta zo. A yi zaman makoki na kwana uku a ƙofar gida, a watse.

Ranar 6 ga Yulin 2020 rundunar sojan ƙasa ta yi bikin ranarta a Faskari, inda ta kafa babban sansani, ta kuma ƙaddamar da farmaki a kan 'yan bindigar yankin. Manyan hafsoshi sun hallara, an yi fareti, an ɗauki hotuna. Ba a cika mako biyu ba aka yi wa sojoji kwanton ɓauna a wajen Shimfiɗa ta Ƙaramar Hukumar Jibiya. Rahotannin da suka fito sun bambanta, wasu suka ce 16 aka kashe, wasu suka ce 23. A tsaya a dubi wannan tazarar. Bakwai ne tsakanin 16 da 23, kuma kowane ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan mutum ne mai uwa, mai suna, mai garinsu. Hotunan bikin Faskari suna nan a intanet ga mai son gani. Wanda ya nemi jerin sunayen mutanen Shimfiɗa, da muƙamansu da garuruwansu, a wani kundi guda na hukuma da ɗan ƙasa zai iya buɗewa, zai daɗe yana nema.

Haka aka yi a Metele ta Jihar Borno a watan Nuwamban 2018. An kashe kwamandan bataliyar, Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba, tare da sojojinsa. Sai da aka yi kwanaki jaridu suna ambaton adadi mai yawa kafin rundunar ta fito ta ce 23 ne. Sunan kwamandan ya zagaya ƙasa, kamar yadda sunan Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali ya zagaya lokacin da ya faɗi a Malam Fatori a Nuwamban 2016, da na Birgediya Janar Dzarma Zirkusu a Askira Uba a Nuwamban 2021. Sun cancanci fiye da haka. Amma babu kwamandan da ke mutuwa shi kaɗai, kuma da za a tambayi kowanensu a ransa, da sunayen direbansa da mai riƙe masa rediyo zai fara kira.

Hujjar masu ɓoyewa

Masu kare wannan shiru suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Sukan ce bayyana yawan mamata yana karya zuciyar sojan da ke bakin daga, yana kuma ƙara wa abokin gaba ƙarfin gwiwa. Hujjar tana da rauni ta fuska biyu. Abokin gaba ya san adadin, domin shi ya yi kisan, har ma yakan ɗauki bidiyo ya watsa. Sojan da ke bakin daga shi ma ya sani, domin shi ya ɗauko gawarwakin. Mutum ɗaya ne kawai ake ɓoye wa, shi ne ɗan ƙasar da ake yaƙin da sunansa da kuɗinsa. Abin da ke karya zuciyar soja kuwa shi ne ya ga yadda aka yi da abokinsa na jiya, ya san haka za a yi da shi gobe. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ba sai an ce maka shafa wa naka ruwa ba.

Rundunar da kanta ta rushe wannan hujja. Lokacin da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta Jihar Delta a watan Maris na 2024, Hedikwatar Tsaro ta fitar da sunayensu da hotunansu duka, daga Laftanar Kanar har farabiti. Aka binne su a Maƙabartar Sojoji ta Ƙasa da ke Abuja, Shugaba Bola Tinubu ya halarta, aka ba su lambobin girmamawa, aka yi wa iyalansu alkawarin gidaje da karatun 'ya'ya. Sama ba ta faɗo ba, rundunar ba ta watse ba. Abin da ya faru shi ne ƙasa ta ji zafin rashin, domin an nuna mata fuskoki. To, me ya sa abin da ya yiwu ga mamatan Okuama bai zama doka ga mamatan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ba? Girmamawar da ake yi wa wasu idan kyamara ta hallara, a hana wasu idan babu ita, siyasa ce aka yi wa ado da tuta.

Wasu ƙasashe sun daɗe da warware wannan. A Amurka ma'aikatar tsaro takan bayyana sunan sojan da ya mutu kwana guda bayan an sanar da iyalinsa. Bangon tunawa da yaƙin Biyetnam da aka buɗe a Washington a 1982 yana ɗauke da sunaye fiye da 58,000, an jera su bisa ranar mutuwa, ba a rubuta muƙamin kowa ba. Abin kunya mafi girma ma yana kusa da gida. Tsofaffin da ake kira 'yan Boma, waɗanda Turawa suka kwasa daga ƙasar Hausa zuwa yaƙin duniya na biyu, da yawa daga cikin waɗanda ba su dawo ba sunayensu na sassaƙe a maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Rangun. Hukumar da ke kula da waɗannan kaburbura ta amsa a 2021 cewa ta nuna wa mamatan Afirka wariya, musamman na yaƙin duniya na farko, ta kuma nemi gafara. Ke nan ɗan mulkin mallaka ya rubuta wasu, ya manta wasu, ya dawo ya ji kunya. Ƙasa mai 'yanci ta manta nata, har yau ba ta ji komai ba.

Hujjar addini

Akwai masu cewa wannan duk al'adar Nasara ce, Musulmi addu'a yake bukata, ba ya bukatar dutse da furanni. Gaskiya ne game da dutse da furanni. Babu mai neman a kafa gunki a shataletalen Funtuwa, ko a gina ƙubba a kan kabarin kowa. Abin da ake nema suna ne da tarihi, kuma babu al'ummar da ta kai Musulmi riƙon wannan. Malaman sira sun adana sunayen mutanen Badar da shahidanta 14, da shahidan Uhudu kimanin 70, kowa da sunan ubansa da ƙabilarsa, har bayin da aka 'yanta ba a tsallake su ba. Littattafan ɗabaƙat, waɗanda suka jera malamai tsara bayan tsara, su ne asalin abin da abokan kwas ke yi a yau. Shugabannin jihadin Sakkwato sun bi wannan hanya. Muhammadu Bello ya rubuta labarin asarar Tsuntsuwa, inda jama'a ta rasa mahaddata Alƙur'ani masu yawa, Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya yi marsiyyar abokansa da suka faɗi a Alwasa. Ba su ɓoye rashin nasara don kada zuciyar jama'a ta karye ba. Sun rubuta shi, shi ya sa bayan shekaru fiye da 200 ake yi wa mutanen addu'a.

Malamai kuma sun karantar cewa bashi yana da nauyin da ko shahada ba ta sauke shi daga wuyan mai shi. Idan haka lamarin yake ga bashin da ake bin shahidi, ina ga bashin da shi yake bin masu rai?

Bashin da ake iya ƙirgawa

Wani ɓangare na bashin nan kuɗi ne tsabarsa. Ranar 26 ga Satumban 1992 jirgin sojan sama samfurin C-130 ya faɗi a Ejigbo, jim kaɗan bayan tashinsa daga Legas. Mutum fiye da 150 suka mutu, mafi yawansu manjoji da takwarorinsu 'yan kwas guda na Kwalejin Hafsoshi ta Jaji. Tsara guda ta tafi a yammaci ɗaya. Gwamnatin lokacin ta yi wa matansu alkawura, amma shekaru da dama bayan haka ana ta jin waɗannan mata a jaridu suna bin haƙƙinsu. Waɗannan fa matan hafsoshi ne, masu ilimi, waɗanda suka san ƙofar da za su buga. Sai a auna halin matar kofur a wani ƙauyen Malumfashi, wadda ba ta taɓa zuwa Abuja ba, aka ce ta kawo takardu kala-kala, alhali kuɗin motar kansa sai ta sayar da akuya.

A rubuce, akwai inshorar rai, akwai kuɗin sallama, akwai tsarin ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan wanda ya mutu a bakin aiki. A aikace, tsofaffin sojoji masu rai da ƙafafunsu sun sha toshe ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja, kamar yadda aka gani a ƙarshen 2024 da cikin 2025, kafin a saurare su. Idan mai rai sai ya kwana a bakin ƙofa, mamaci wa zai kwana masa? A nan ne rashin kundin sunaye yake zama asara ta zahiri. Wanda ba a rubuta mutuwarsa a bainar jama'a ba, babu ɗan jarida ko ɗan majalisar da zai iya tambayar ko an biya magadansa. Duhu kuwa abokin mai handama ne.

Abin da zauren kwas ba ya faɗa

Akwai dalili na ƙarshe da ya sa bai kamata a bar wa abokai kaɗai wannan aiki ba: aboki ba ya iya faɗar komai. Tarihin hafsoshin Najeriya cike yake da abokan da suka juya wa juna baki. Ibrahim Babangida da Mamman Vatsa tare suka yi makaranta a Bida, tare suka shiga aikin soja a 1962. Ranar 5 ga Maris na 1986 aka harbe Vatsa bisa zargin yunƙurin juyin mulki, Babangida na shugaban ƙasa. Shehu Musa 'Yar'aduwa, ɗan Katsina, wanda ya zama na biyu a mulkin ƙasa daga 1976 zuwa 1979, ya rasu a gidan yarin Abakaliki ranar 8 ga Disamban 1997, a hannun gwamnatin sojojin da ya yi yaƙin basasa tare da su. Irin waɗannan mutuwar ba sa shiga jawabin taron shekara sai a kaikaice. Ana tsallake su da addu'a.

Tarihin da abokai kaɗai suka rubuta yakan zama yabo zalla: kowa jarumi, kowa mai gaskiya, babu wanda ya taɓa cin kuɗin abincin yaransa, babu wanda ya tura bataliya ba harsashi. Ƙasar da ke son sojojinta su daina mutuwa a banza tana bukatar tarihin da zai faɗi yadda aka mutu da dalilin da ya sa. Wanda ya faɗi saboda motar da aka ce an saya ba a saya ba, haƙƙinsa ne a rubuta haka.

Abin yi

Gyaran ba ya bukatar biliyoyi. Majalisar Tarayya ta wajabta wa Hedikwatar Tsaro bayyana suna da muƙami da gari da ranar rasuwar duk wanda ya mutu a bakin aiki, cikin ƙayyadaddun kwanaki bayan an sanar da iyalinsa, tare da wa'adin biyan haƙƙin magada wanda za a iya kai ƙara idan an saɓa.

Jihar Katsina ba sai ta jira Abuja ba. Ƙananan hukumomi 11 ne a shiyyar Funtuwa: Funtuwa, Bakori, Danja, Ƙafur, Malumfashi, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa, Dandume, Musawa da Matazu. Kowane mai unguwa ya san gidan da aka kai gawar soja, ko gidan da aka yi makoki babu gawa. Daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, a cikin damina guda za a haɗa kundin. A sa 'yan sanda a ciki, a sa dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoban 2023, waɗanda da yawa daga cikinsu sun riga sun ba da rayukansu a kan hanyoyin gona, kuma su ne suka fi kowa rashin zaure. A ajiye kundin a sakatariyar ƙaramar hukuma da ɗakin karatu na makarantu, a karanta shi da baki a masallaci da coci a makon 15 ga Janairu, maimakon a tsaya ga sakin tantabaru a babban birnin jiha.

Su kuma ƙungiyoyin abokan kwas, su buɗe ƙofar zaurensu. Duk hafsan da suke karanta sunansa a taron shekara, su karanta da sunayen yaran da suka faɗi tare da shi, su nemi gidajensu. Su rubuta abin da suka sani tun da sauran ƙarfi, daɗinsa da ɗacinsa, su kai Gidan Arewa a Kaduna inda masu bincike za su same shi. Sun nuna a kan lamarin Tsiga cewa suna iya tara jama'a cikin 'yan kwanaki idan nasu ne. Wannan ƙarfin zai iya tilasta wa majalisa yin doka.

A watan Agustan 2025 'yan bindiga suka buɗe wa masallata wuta da asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi. Kamar kullum, aka yi ta jayayya a kan adadi. Bayan kowane irin wannan hari ana kiran a ƙaro sojoji, kuma ana ƙaro su, samari daga Ogoja da Gboko da Gumel waɗanda ba su taɓa jin sunan Gidan Mantau ba sai ranar da aka sauke su a can. Manomin da ya samu ya girbe masararsa ya kai kasuwar Dandume ya san akwai wanda ya kwana a kan dutse domin hakan ta yiwu. Idan wannan yaron bai koma gida ba, mafi ƙanƙantar abin da yake bin mutanen da ya mutu a gonarsu shi ne su san sunansa.